Garkar Gwaggo da itatuwan da ba wanda ya shuka

Garkar tana gefen hanyar Mirriya, in ka baro Damagaram ka miƙi gabas. Filin na wani dattijo ne, ya ba ƙungiyar matan ƙauyen aro don su yi noman rani. Aka kewaye shi da waya, aka gina rijiyar siminti guda biyu, aka yanka wa kowace mace nata rabo. Na gwaggona, ƙanwar mahaifina, ya faɗo a kusurwar arewa maso gabas, jingine da waya, ɗaya daga cikin rijiyoyin tana bakin iyakarta. Bai fi mita 15 a tsaye da 10 a kwance ba. A nan take fitar da salati da shu (wato kabeji) da albasa da ɗan tumatir, tun daga Nuwamba har zafin Afrilu ya kore su, kuma da kuɗin wannan ɗan fili take sayen sabulu da littattafan jikoki da maganin hawan jininta.

A rani na huɗu ta aiko a kira ni. Na same ta zaune bakin fangali, ta ɗaure ƙafa da tsumma. Ƙaya ce ta huda takalmin roba ta shige mata, wurin ya kumbura har ba ta iya takawa sosai. Ta nuna mini filin da haɓa.

"Ɗan nan, dubi abin da garkata ta koma. Ni ban shuka itace ba, ga daji na nema ya cinye ni. Na sare, na sare, kamar ma ban ruwa nake yi musu."

Da gaskiyarta. Ko ina ka duba akwai ƙananan itatuwa. Wasu ba su wuce tsawon yatsa ba, suna leƙowa tsakanin salati. Wasu sun kai gwiwa. Huɗu ko biyar sun kai ƙirji, kuma kowane ya fito da rassa biyar, shida daga gindi ɗaya, alamar an sha saran sa. Shun da ke kusa da su ya tsumbure, ya ƙi naɗewa, ga shi ruwan da take ba shi bai ragu ba. Manyan na shanye ruwan da takin tun kafin su kai ga abin da aka yi wahalar dominsa.

Wane ne wane

Gwaggo duk "ƙaya" take ce musu. Na roƙe ta kada a ƙara taɓa ko ɗaya sai mun zagaya mun san abin da muke fama da shi, don itace iri biyar muka tarar, kuma ba hanya ɗaya ake bi da su ba.

Wanda ya fi yawa nesa ba kusa ba shi ne itacen nan mai ƙaya da masu gandun daji ke kira furosofis, wasu kuma mugun kawa. Baƙo ne, daga nahiyar Amurka ya fito, an kawo shi ƙasashenmu don tsayar da rairayi da yin shinge, ya kuwa yi aikin har ya wuce gona da iri. Bayansa sai dogon yaro, wanda wasu ke kira bedi, shi ma baƙon ne daga wajajen Indiya, sai dai ya daɗe har ya zama ɗan gari. Sannan bagaruwa kaɗan, gawo bakwai, da kuka guda biyu.

Dogon yaro da kuka ba su da wuyar ganewa. Rikicin yana tsakanin masu ƙaya ukun nan, don suna ƙanana ganyensu duk tsaga-tsaga ne, ido ɗaya ba ya raba su. Sai ka durƙusa. Ƙaramin gawo jikinsa fari-fari ne kamar an shafa masa toka, ganyensa kore ne mai hasken shuɗi, ƙayarsa biyu-biyu, farare, da ɗan ja a tsini. Furosofis jikinsa kore ne shar, ganyensa ya fi duhu kuma ya fi tsawo, ƙayarsa kauri gare ta, ita ce mai huda taya. Bagaruwa kuwa jikinta duhu, ganyenta ƙanana ƙwarai, ƙayarta dogaye farare. Mun ɗauki wuni guda a kan wannan, ni da ita da jikanta ɗan shekara goma sha biyu, muna ɗaura wa gawo da kuka tsumma, sauran mu bar su haka. Kafin la'asar yaron ya fi ni saurin gane su.

Ta ina suka shigo

Ruwa ba ya tsami banza. Garkar da aka kewaye da waya, ba akuyar da ke shiga, ta yaya furosofis zai cika ta? Na tambayi Gwaggo inda take samo taki. Ta ce daga garken awakin wata 'yar uwarta a cikin gari ake kawo mata a amalanke, buhu-buhu, ta zuba kai tsaye a fangali kafin dashe. Muka buɗe buhun da ya rage, na murje kashin awaki a tafin hannu. Ga su nan: 'yan ƙwayoyi masu sheƙi, launin ƙasa, ko ƙwarzane babu.

Duk mai kiwo a Damagaram ya san yadda ake ciyar da awaki da rani. Yara na tsinto 'ya'yan gawo da na furosofis, ana ma sayar da su a kasuwa, dabba kuwa na son su don zaƙinsu. Amma ƙwayar da ke ciki ɓawonta tauri ne da shi, ba ta narkewa a cikin dabba. Abin da cikin ke yi mata shi ne ya raba ta da kwasfa, ya ɗan sassauta ɓawon, ya fito da ita a naɗe cikin taki. Sai Gwaggo ta ɗauko ta da kuɗinta, ta binne ta a ƙasa mai laushi, ta riƙa ba ta ruwa safe da yamma. Wanda ke rainon itatuwa da gangan ma iyakar abin da zai yi ke nan. Kuma ƙwayoyin ba sa tsirowa lokaci guda. Wadda ɓawonta bai sassauta ba tana iya kwana a ƙasa shekaru tana jira, shi ya sa ko an daina kawo irin wannan taki yau, ba yau za a daina ganin tsiro ba.

Dogon yaro hanyarsa daban. Akwai wani babba a waje, gab da waya ta gabas, nan matan ke hutawa su yi sallar azahar. Jemage da tsuntsaye na cin naman 'ya'yansa su yar da ƙwallon a cikin garka. Wannan da sauƙi, don ƙwallon dogon yaro ba ya daɗewa da rai, in ya yi 'yan makonni a rana ya mutu. Abin da ya fi damuna shi ne wasu da muka ja suka ƙi fitowa. Da muka tona, sai ga su maƙale da wata saiwa mai kaurin damtse, kwance a ƙasa, ta taho daga babban itacen tana bin danshin fangali. Waɗannan toho ne na saiwa, uwarsu ke shayar da su. Gwajin mai sauƙi ne: wanda ya tsiro daga ƙwallo, in ƙasa da laima, zai biyo hannunka da 'yar saiwarsa siririya, wanda ya fito daga saiwar uwa sai dai ya katse.

Akwai kuma dalili na uku, wanda ba a cika lura da shi ba. Daga Yuni zuwa Satumba ba mai leƙa garka, kowa yana gonar hatsi. Wata huɗu ke nan na ruwan sama ba tare da hauya ta ratsa wurin ba. Tsiron da bai wuce yatsa ba a Afrilu, a Oktoba ya kai gwiwa, saiwarsa kuma ta ninka haka a ƙasa. In Gwaggo ta dawo gyaran fili sai ta sa adda ta share su daidai da ƙasa, ta ga wuri ya yi fes. To, a nan ne kukanta na "kamar ban ruwa nake yi musu" ya samo asali. Furosofis yana da idanun toho a wuyan saiwa, ƙasa kaɗan da inda adda ke kaiwa. In ka sare kai ka bar wuyan, ka tashe su ne gaba ɗaya. Inda da reshe ɗaya ne sai shida su fito, ga saiwa tana nan da ƙarfinta, tana ƙara nitsewa kowace shekara.

Tsoron gawo

Da na ce za mu tumɓuke, sai Gwaggo ta yi shiru, sannan ta ce maƙwabciyarta ta gaya mata duk wanda ya cire itace masu gandun daji za su ci shi tara. Ashe shi ya sa take sara a ɓoye, da sassafe, ta tura rassan ƙarƙashin shara. Ba ta yarda ta tsaya ta yi tono a fili kowa na gani ba.

Ban yi mamakin tsoron ba. Mu nan an haife mu da labarin Sarkin Damagaram Tanimun, a ƙarni na 19, wanda ake cewa ya kafa doka mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo. Dokar gandun daji ta 1974 ta sa gawo cikin itatuwan da aka kare, kuma shekara da shekaru manomi na kallon itacen da ke gonarsa a matsayin na gwamnati, abin da zai iya jawo masa tara. Daga baya aka zo da sassabin zamani, wanda Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostireliya, ya fara yaɗawa a Maraɗi a 1983: maimakon a share toho lokacin sassabe, a zaɓi mai ƙarfi a raine shi. Ana ƙiyasta cewa ta wannan hanya kudancin Nijar ya samu itatuwa wajen miliyan 200 a fili kimanin hekta miliyan 5, kuma Magariya da Matamaye da Mirriya suna sahun gaba, da gawonsu da ya cika gonaki. Ina alfahari da wannan, ba kaɗan ba. Wanda ya ga gonakin nan bayan farin 1984 ya kuma gan su yau, ba ya bukatar a yi masa wa'azi kan amfanin itace.

Sai dai saƙon ya iso wa irin su Gwaggo a dunƙule: itace alheri ne, cire shi laifi ne. Ba wanda ya zauna ya ce musu akwai bambanci tsakanin gona da garka. Ga gawo misali. Abin da ya sa ya zama abokin manomin hatsi shi ne halinsa na saɓa wa sauran itatuwa: da damina yake zubar da ganye, ya bar wa hatsi rana, ganyen ya zama taki, da rani kuma ya yi kore shar, ya ba dabbobi inuwa da abinci. To, mai garka da rani take aiki. Lokacin da gawo ya cika da ganye, lokacin ne albasarta ke neman rana. Halin da ya sa ake ƙaunarsa a gona shi ne zai kashe fili mai mita 15 in aka bar bakwai suka girma a cikinsa. A ganina, faɗin wannan bai rage wa gawo daraja ba ko kaɗan.

Duk da haka ban so mu yi gaban kanmu ba. Na raka shugabar ƙungiya wajen ma'aikacin gandun daji na yankin, ya kuma yi mana kirki ya biyo mu har garkar. Ya duba, ya ce furosofis da tohon dogon yaro da ke cikin fangali a cire su, ba ruwansa da su. Ya tsaya kan gawon ya daɗe. Shida ƙanana ne, a tsakiyar fangali suke. Na bakwai ya kai ƙugu, yana jikin waya ta arewa.

"Inna, waɗannan na cikin shuka ki cire abinki. Amma wannan na bakin waya, ina roƙon arziki a bar shi."

Gwaggo ta ce, "Ranka ya daɗe, in ya girma fa? Inuwarsa ba ni za ta rufe ba?"

Nan na sa baki, don na riga na yi wannan lissafin. Daga Oktoba zuwa Maris rana ta kudu take ratsawa a ƙasarmu, inuwar tsakar rana arewa take faɗawa. Itacen da ke iyakar arewa, inuwarsa waje za ta zuba, cikin gonar hatsin mai filin, wadda ba komai a cikinta da rani. Da damina kuma, lokacin da hatsi ke tsaye, gawon ba shi da ganye. Saiwarsa ma ƙasa take nitsewa da nisa. Da a kudu ya fito, da ban goyi bayan a bar shi ba.

Zanen aro

Saura mai fili. Duk wanda ya san al'adar ƙasa a wajenmu ya san wanda aka ba aron gona ba ya shuka itace a cikinta. Hatsi na wata huɗu ne, salati na kwana arba'in, amma itace shaida ne mai daɗewa, kuma an sha ganin jikokin mai aro sun nuna itace sun ce kakanmu ya shuka, saboda haka filin namu ne. Dattijon ya riga ya ji cewa dokar da gwamnati ta fitar ranar 30 ga Yuli 2020 kan sassabin zamani ta tabbatar wa manomi haƙƙi kan itatuwan da ya raina. Tambayarsa ita ce, a filin aro wane ne manomin?

Muka same shi a zaurensa bayan la'asar, ni da Gwaggo da shugabar ƙungiya. Bayan gaisuwa Gwaggo ta ce, "Baba Alhaji, gawo ne ya fito a rabona, ba ni na shuka ba. An ce a bar shi. Na ce ba zan bar komai a filinka ba sai da saninka. Zanen aro ba ya rufe katara, na sani."

Ya ji daɗin zuwan, na ga haka a fuskarsa. Ya ce da ta bar shi ba ta faɗa ba, da shi da kansa zai aiko a sare. Aka tsaya a kan cewa gawon nasa ne da magadansa, ita kuma tana da 'ya'yan da ya zubar da rassan da aka sassabe muddin tana aikin wurin. Kukar guda biyu ya yarda ta bar su da sharaɗin kada su wuce ƙugu, a riƙa yanke kansu ana cin ganye, yadda ake yi da zogale. Mutanen Mirriya ba baƙin wannan ba ne, kuka ai ita ce sunan garinsu a kasuwa. Aka faɗi maganar a gaban mai gari, aka kuma rubuta ta a takarda wajen kwamitin kula da filaye na ƙauyen, irin waɗanda tsarin dokar karkara ta 1993 ya tanada. Wasu sun ce an yi wa ɗan itace mai tsawon ƙugu hidima da yawa. Ni kuwa na ga rigimar gado da ta taso daga abin da bai kai wannan ba.

Aikin

Ba mu yi babban tonon a ranin ba. Ƙasa ta yi tauri, ga shuka a tsaye. Abin da aka yi kawai shi ne cire ƙanana da hannu, nan take bayan ban ruwa, lokacin da suke biyo hannu da saiwarsu. Jikan ya ɗauki wannan, kowace safiya kafin ya tafi makaranta. Manyan muka bar su sai ƙarshen Satumba, ruwa ya ɗauke amma ƙasa na da sauran laima, fili kuma babu komai.

Samari biyu muka ɗauka da diga da dagi da gatari. Kowane kututturen furosofis sai an tona kewayensa, a bi saiwar tsakiya ƙasa santimita 25 zuwa 30, rabin kamu da ɗoriya ke nan, sannan a datse a fitar da wuyan gaba ɗaya. Abin da ya rage a ƙasa da wannan zurfin da wuya ya sake toho. Samarin sun so su gajarta, don aikin da gajiya, sai da na tsaya a kansu. Biyu da aka datse sama-sama ranar da ban zo ba, su ne suka dawo kafin Disamba, aka sake tona su. Rassan muka tara waje guda suka bushe, Gwaggo ta yi girki da su, ƙayar kuma aka ƙone ta ƙurmus don kada ta koma ƙafar wani. Bagaruwa ma haka aka yi mata. Na ɗan ji ciwon cire ta, ganin da 'ya'yanta majeman Damagaram ke jeme fatar da garin ya yi suna da ita, amma wurinta bakin tabki ne, ba tsakiyar albasa ba.

Gawo biyu daga cikin ƙananan mun gwada dasa su a waje. Duka sun mutu cikin mako biyu. Saiwar gawo tana riga kansa tafiya, tsiron da bai kai taƙi ba saiwarsa ta wuce kamu, kuma in ta katse shi ke nan. Wanda aka bari muka rage masa rassan ƙasa, muka bar masa kai ɗaya ya miƙe.

Dogon yaro ne ya ba mu wahalar da ban zata ba. Sare uwar ba ta taso ba, inuwar mata ce. Sai muka haƙa rami siriri mai zurfin santimita 60 a bin waya ta gabas, muka datse duk saiwar da ta ƙetaro, muka jera tsohon kwanon rufi a tsaye cikin ramin, muka mayar da ƙasa. Wata biyu bayan haka toho ya fi na da yawa. Gwaggo ta kira ni a waya, ranta a ɓace: "Ɗan nan, ka taso mini da abin da ke kwance." Guntayen saiwar da aka raba da uwa ne, kowane yana neman ya rayu da kansa. Na ce ta yi haƙuri, kada dai ta bar ko ɗaya ya buɗe ganye, don abincin da ke cikin guntun saiwa yana da iyaka, in ba ganyen da zai mayar masa, ƙarewa zai yi. Ta riƙa fizge su duk mako. Kafin ƙarshen ranin sun ragu ƙwarai, a rani na biye sai ɗaya-ɗaya. Da zan sake, da na bi manyan guntayen na tone su tun ranar da aka datse.

'Ya'yan dogon yaron da ke zubowa kuwa sun zama abin nema. Ana tsince su a shanya, a daka kimanin rabin kilo, a jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, a tace a fesa wa shu da yamma saboda tsutsa. Tun da matan suka ga yana aiki, ƙwallo ba ya kwana a ƙasa balle ya tsiro.

An ba mu shawarwari da muka ƙi. Wani ya ce a zuba baƙin mai ko gishiri a kan kututture, wani ya kawo maganin kashe ciyawa a gorar ruwa, ba suna ba takarda. Ruwan rijiyar nan ba shi da zurfi, da shi ake shayar da salatin da ake ci ɗanye, daga cikinsa matan ke sha in ƙishirwa ta kama su. Gishiri kuma in ya shiga fangali ba a san ranar fitarsa ba. A ƙasar da ruwa ke da tsada kamar Damagaram, ban ga kututturen da ya kai a yi cacar rijiya saboda shi ba.

Sai taki, wanda shi ne tushen abin. Muka haƙa rami a gefe, ana zuba takin awaki da busasshiyar ciyawa hawa-hawa, a jiƙa, a rufe, a juya duk mako biyu har wata biyu. Zafin ruɓewa na kashe wasu ƙwayoyin, danshi na sa wasu su tsiro a cikin ramin, juyawa ta hallaka su. Ba duka ke mutuwa ba, shi ya sa na ƙara da cewa a shayar da fangali kwana goma kafin dashe, abin da zai fito ya fito, a bi shi da hauya. Wannan Gwaggo ta yi gardama a kai, kuma tana da hujja: ruwan kwana goma da guga, a kan ƙasar da ba shuka, ba ƙaramin abu ba ne ga mace mai shekara sittin. Muka daidaita a kan rabin filin. Bambancin ya fito a fili har ita da kanta ta yi wa sauran rabin a shekara ta biye.

Na bakin rijiya

Kututture ɗaya ya gagare mu. Shi ne mafi tsufa, ya fito gab da rijiya, saiwarsa ta kutsa tsakanin zoben siminti na sama da na biyu. In aka tona shi yadda aka yi wa sauran, bakin rijiyar na iya zaftarewa, wuta kuma na iya fasa simintin. Muka sare shi daidai da ƙasa, muka kife masa rabin tsohuwar ganga, muka danne da duwatsu don kada haske ya kai gare shi.

Yau shekara ɗaya da wata huɗu ke nan. Sauran filin ya dawo, shu na naɗewa, Gwaggo ta ƙara fangali biyu a inda ƙaya ta cinye da. Tsiron furosofis bai daina fitowa ba, amma yanzu abin da jikan ke cirewa a mako bai cika tafin hannu ba. A taron ƙungiya an yarda kowa ta riƙa ruɓar da taki kafin ta zuba. Kusan rabi ne suka yi, kuma rabon da ke kudu da na Gwaggo yana nan da nasa kututtura masu kai shida-shida, mai shi ta ce sai bayan sallah.

Ranar Juma'ar da ta wuce na leƙa da hantsi. Gawon ya wuce tsayin waya, ya yi kore, inuwarsa tana kwance a kan karan gonar Baba Alhaji. Gwaggo ta ce in taya ta ɗaga gangar. Toho biyu muka tarar a ƙarƙashi, farare sol, sirara kamar tsinke, sun lanƙwashe suna neman kafar haske. Bara war haka goma sha wani abu take samu duk mako. Ta sa farce ta tsinke su, muka mayar da gangar, ta ce in ƙaro dutse ɗaya a gefen da ke kallon rijiya.